In An Ji Cida, A Zare Filogi

Kowane manomi ya san abin da zai duba kafin ruwan shuka: iri, taki, garma, jinkan rumbu. Amma akwai kayan da suka shigo gidajenmu da ɗakunan ƙungiyoyinmu waɗanda ba mu saba sa su cikin wannan lissafi ba, watau kayan da ke aiki da lantarki. A yawon da muke yi cikin gundumomi muna ganin kekunan ɗinki na zumuntar mata, da firiza ta masu sayar da ƙanƙara da kunun zaƙi, da talabijin, da na'urar ƙara murya ta majami'a, da farantan sola a kan kwano. Yawancin waɗannan kaya ba kyauta aka same su ba. Da adashi aka saye su, ko da rancen ƙungiya wanda za a biya da kaka. In tsawa ta ƙone keke a watan Mayu, bashin ba ya ƙonewa tare da shi. Matar da ta karɓi rancen za ta ci gaba da biya har Disamba, ba ta kuwa da abin ɗinka kayan makaranta a Satumba, balle kayan Kirsimeti.

Shi ya sa muka ga ya kamata mu yi wannan magana tun hadari bai fara haɗuwa sosai ba. Gama hadarin farkon damina da na ƙarshenta su ne suka fi zuwa da iska da tsawa. Ruwan marka yakan sauka a hankali.

Ta ina tsawa ke shiga?

Walƙiya wutar lantarki ce, iri ɗaya da wadda ke cikin wayar gidanmu, sai dai girmanta ya wuce misali. Wutar da ake kawo mana gida bolt 230 ce, fis ɗin da ke cikin filogi mai ƙafa uku kuma amfiya 13 yake ɗauka. Walƙiya guda takan ɗauki amfiya wajen 30,000, ƙarfinta kuwa miliyoyin bolt ne. Iskar da ta ratsa takan yi zafi har wajen digiri 30,000, watau kamar ninki biyar na zafin fuskar rana. Wannan zafi ne ke sa iska ta buɗe farat ɗaya, mu kuma mu ji ƙara. Dutsen nan mai santsi da akan tsinta a gona a ce gatarin aradu ne, ba daga sama ya faɗo ba. Gatari ne na mutanen dā can, tun ba a san ƙarfe ba.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, ba sai tsawa ta faɗa kan gidanka kafin ta yi maka ɓarna ba. In ta faɗa a kan turken wuta, ko a kan itace kusa da layin, ko ma a ƙasa kusa da shi, sai wani ƙarfi ya hau wayar ya bi ta da gudu zuwa kowane gida da ke kan layin. Ba ya daɗewa. Kafin ƙiftawar ido ya zo ya wuce. Amma a cikin wannan ɗan lokaci dubban bolt sun ratsa abin da aka ƙera don 230. Layin ƙauye kuwa ya fi na birni haɗari, domin yana tafiya kilomita da yawa a fili, ba dogayen gine-gine kusa da shi, gidajen da za su raba ƙarfin kuma kaɗan ne.

Wayar wuta ita ce babbar ƙofa, amma ba ita kaɗai ba ce. Wayar eriya ƙofa ce. Wayar da ta sauko daga faifan tauraron ɗan adam zuwa dikoda ƙofa ce. Wayar da ta sauko daga farantin sola ƙofa ce. Haka doguwar wayar da mai janareta ya ja a kan sanduna zuwa shagunan maƙwabta, da wadda aka ja daga majami'a zuwa lasifikar da ke kan itace. Duk wayar da ta fito daga waje ta shiga ɗaki, tsawa tana iya binta. Talabijin ya fi kowane abu shan wahala domin ƙofa biyu gare shi, wuta ta baya, eriya ta gefe. Ƙarfin yakan shiga ta ɗaya ya nemi fita ta ɗayar, a tsakiya kuwa sai ya ƙone abin da ya tarar.

Kekunan ɗinki ba iri ɗaya ba ne

Keken ƙafa da keken hannu, irin su Butterfly da tsohon Singer, ba su da waya, saboda haka ba abin da zai biyo layi ya same su. Tun 1851 da Isaac Singer ya yi rajistar kekensa a Amurka, ƙarfe ne da bel da ƙafar mai ɗinki. Abokin gābansu da damina shi ne yoyo da tsatsa. A ja keke daga bakin taga, a rufe shi, a riƙa ɗiga masa mai.

Sai keken da aka ɗaura wa ɗan injin lantarki a gefe, da abin takawa a ƙasa. Wannan yana da ɗan juriya, gama wayar jan ƙarfe ce kawai aka naɗe a cikinsa. Duk da haka yana ƙonewa, abin takawar kuma yakan riga injin mutuwa.

Waɗanda suka fi ba mu tsoro su ne sababbin manyan kekuna na masana'anta, irin su Juki da Brother da 'yan'uwansu na ƙasar Sin, waɗanda injinsu ba ya ƙara sai an taka, suna da ɗan gilashi mai nuna lamba, wasu ma suna yanke zare da kansu. Haka kekunan aikin wuya masu kwamfuta. Teloli suna sonsu domin ba su cin wuta, ƙaramin janareta ko sola yana ɗaukarsu, mu ma muna yaba su. Amma a cikin kowannensu akwai wani allo mai ƙananan kaya kamar ƙwayar gero, waɗanda ke aiki da bolt kaɗan ƙwarai. Ƙarfin da tsohon inji zai haɗiye bai ji ba, shi zai kashe wannan allo. In ya mutu kuwa keken duka ya tsaya, ko da allura da haƙora da komai lafiya suke. Ba a samun allon a kasuwar ƙauye. Sai an aika Kano ko Jos ko Kaduna, wani lokaci har Legas, a jira makonni, kuɗinsa kuma babban kashi ne na kuɗin keken.

Ga shawararmu ga ƙungiyar da ta sami sabon keke: kada ku sayar da tsohon na ƙafa, kada kuma ku yar da ƙafafunsa da bel ɗinsa don kun ɗaura masa inji. Ranar da aka zare filogi saboda hadari, ko ranar da ba wuta, shi zai gama rigar da aka yi alkawari.

Kashe makunni bai isa ba

Sau da yawa in muka tambaya a taro, sai a ce mana, ai muna kashewa. To, a buɗe makunnin soket a duba. In an kashe shi, tsakanin ƙarafan biyu bai wuce kaurin ƙwayar dawa ba. Abin da ya ratso kilomita biyu ko uku na iska daga gajimare zuwa ƙasa, wannan ɗan tsakani ba zai tsai da shi ba. Tsallakewa zai yi. Kashe talabijin da rimot ya fi wannan rashin amfani, gama wuta tana nan a cikinsa tana jira.

Fis ma ba don tsawa aka yi shi ba. Sai ya yi zafi kafin ya tsinke, kafin ya yi zafin kuwa an riga an yi ɓarnar. Haka sitabilaiza. Mutane suna dogara da ita ƙwarai, tana kuwa da amfaninta: in wuta ta yi ƙasa ta ɗaga ta, in ta ɗan hau ta sauke ta. Amma wannan ƙas-ƙas da kuke ji tana yi, aiki ne na sannu a hankali in an gwada shi da saurin tsawa. Sau da yawa ita da abin da aka jona mata tare suke tafiya.

Akwai soket mai baki da yawa da ake sayarwa a ce yana kāre kaya daga hawan wuta. Na gaske yana da wani ɗan abu a ciki mai kama da kwabo, wanda in wuta ta hau farat ɗaya sai ya buɗe mata hanya ta zube. Yana taimako a kan ƙananan bugu na tsawar nesa. Sai dai a san abu uku a kansa. Kowane bugu yana cin ƙarfinsa, har ranar da zai zama soket kawai ba wanda ya sani. Ba ya yin cikakken aiki sai gidan yana da wayar ƙasa ta gaske, watau ƙafa ta uku ta filogi tana haɗe da sandar jan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa, a gidajen ƙauye da yawa kuwa in ka buɗe soket waya biyu kawai za ka gani. Na uku, kasuwa cike take da waɗanda ba komai a cikinsu sai ɗan jan ƙwai mai haske. In tsawa ta faɗa kusa, ko na gasken ba zai iya ba.

Abin da ba ya kasawa shi ne hannu. A zare filogi daga bango, a ajiye shi nesa da soket kamar kamu ɗaya ko fi, kada a bar shi yana lilo a bakinsa. A kwance wayar eriya ko ta faifai daga bayan dikoda, a ja ta gefe inda yaro ba zai taɓa ba. Ba a biyan ko kwabo. Wuyarsa ɗaya ce, sai an tuna, kuma sai an yi shi da wuri.

Yaushe ne da wuri?

A ƙasarmu hadari daga gabas yake tasowa, kowane yaro ya san wannan. In gabas ta yi baƙi, iska mai sanyi ta fara kaɗawa, lokaci ya yi. In an ji cida, ko daga nesa ne, lokaci ya kusa wucewa. Ba a cika jin tsawar da ta wuce nisan kilomita 15 ba, walƙiya kuwa tana iya faɗuwa nisan haka daga inda ruwa ke zuba. Watau in kunnenka ya ji ta, tana iya kai maka, ko da rana tana haskawa a kanka.

Ga yadda za a auna nisa. Haske yana isowa nan take, ƙara kuwa tana tafiya kilomita ɗaya cikin daƙiƙa uku. In ka ga walƙiya sai ka fara ƙirga a hankali har ka ji ƙarar, ka raba da uku. In ka ƙirga 30, tana nisan kilomita 10. In ka ƙirga 6, kilomita 2 ne. A koya wa yara wannan, suna jin daɗinsa, su ne kuma za su riƙa tuna wa manya.

Amma fa a lura da wannan da kyau. In an makara, tsawa tana bugawa a kan gari, haske da ƙara suna zuwa kusan tare, to a bar filogi inda yake. Kada a taɓa waya, kada a taɓa keken da ke jone, kada a ɗora ƙafa a kan abin takawa. Ana iya sayen wani keke. Telar da ke zaune gaban keken lantarki, hannunta a kan ƙarfe, ƙafarta a ƙasa mai laima, ita ce hanyar da wutar za ta bi. Ta tashi ta koma tsakiyar ɗaki.

Bayan an ji cida ta ƙarshe a jira minti 30 kafin a mayar da komai. Mun san wannan yana da wuya ga mai aikin da ake jira, amma bayan hadari ma yakan yi harbi.

Akwai kuma wata ɓarna da ake ɗora wa tsawa alhali ba ita ba ce. Iskar hadari takan sa wayoyin layi su haɗu, ko reshe ya faɗo ya tsinke ɗaya daga cikinsu. In wayar da ke daidaita sauran ce ta tsinke, wasu gidaje sai su sami wutar da ta kusa bolt 400, ba na ƙiftawar ido ba, har sai an gyara. Alamarta ita ce ƙwai ya yi haske fiye da kima, fanka ta riƙa gudu kamar za ta tashi. Saboda haka in an dawo da wuta bayan ruwa, a fara kunna ƙwai ɗaya a dube shi na 'yan mintoci. In haskensa daidai ne, sa'an nan a jona firiza da keke. A nan ne ƙaramin akwatin nan da ake sa wa firji, mai yanke wuta in ta hau ya kuma jinkirta kafin ya mayar, yake biyan kuɗinsa.

Masu sola da janareta

Mai sola yakan ce shi ba ruwansa, tun da ba ya kan layi. Gaskiya ne ya tsira daga babbar ƙofa, amma farantinsa yana kan rufi, waya kuma ta sauko har cikin ɗaki. Ƙaramar sola ta fitila da cajin waya, a zare wayar farantin daga akwatin, shi ke nan. Babba mai inbata da batura, kada a fizge wayoyinta da hannu, gama in rana tana kan faranti suna iya yin tartsatsi. A sa mai haɗawa ya sa makashi tsakanin faranti da akwatin caji, ya nuna wa mutum biyu yadda ake kashe shi, ya kuma haɗa ƙarfen da farantin ke zaune a kai da sandar ƙasa. Wayoyi biyun da ke saukowa su tafi manne da juna, kada ɗaya ta bi gabas ɗaya ta bi yamma. Ƙungiyoyin da ke da rijiyar burtsatse mai sola su tambayi wannan musamman, domin akwatin famfon yana da irin allon da muka ambata.

Janareta kuwa, abin da muke roƙo ɗaya ne. Kada a shigar da shi ɗaki ko zaure don gudun ruwa. Hayaƙinsa yana da guba marar wari, yakan kashe gida guda suna barci. A yi masa rumfa a waje, nesa da taga.

Sandar tsawa a kan majami'a

A ƙauyuka da yawa majami'a ce gini mafi tsawo, sau da yawa a kan tudu, a nan kuma ake ajiye kekunan zumunta da na'urar ƙara murya. Tsawa tana neman abin da ya fi tsawo, wanda ya tsaya shi kaɗai. A watan Maris 2018 ta faɗa kan wata majami'a a gundumar Nyaruguru ta ƙasar Ruwanda ana cikin sujada, mutum 16 suka rasu. A ranar 28 ga Yuni 2011 ta kashe yara 18 a makarantar firamare ta Runyanya a Yuganda, abin da ya sa ake kiyaye 28 ga Yuni a matsayin ranar faɗakarwa a kan tsawa. Afirka tana cikin wuraren da walƙiya ta fi yawa a duniya, musamman gabashin Kwango, da yankin Kamaru da ke maƙwabtaka da mu.

Maganin ya daɗe. Tun wajen 1752 Benjamin Franklin ya nuna a Amurka cewa walƙiya lantarki ce, ya kuma kawo dabarar sandar ƙarfe a kan gini. Sandar ba ta korar tsawa. Hanya take ba ta, ta sauka ƙasa ba ta bi ta katako ko bango ko mutum ba. Don haka sandar da ake gani a sama ita ce ƙaramin sashen aikin. Babban aikin shi ne faffaɗan jan ƙarfen da ya sauko daga gare ta, miƙe ba lanƙwasa mai kaifi, da sandunan da aka kafa a ƙasa mai laima. Masu wannan aiki suna da abin awo, suna neman awon ya nuna om 10 ko ƙasa da haka. A sa su auna a gaban dattawa kafin a biya. In sun zuba gishiri da gawayi a ramin, a sani gishiri yana wankewa, yana kuma cin ƙarfe, sai a riƙa dubawa kowace bazara. A duba kuma ko ɓarayi sun yanke jan ƙarfen, gama mun tarar da gine-gine da sanda a sama tana ƙyalli, ƙasa kuwa ba komai. Irin wannan tana kiran baƙo ne ba ta shirya masa masauki ba.

Ko da sanda mai kyau, a zare filogi. Sanda tana tsaron gini da mutanen ciki, ba ta tsare abin da ya biyo layi.

Game da abin da ake faɗa a gari: wayar hannu ba ta jawo tsawa, sai in tana jone da caja a bango. Jan tufafi da madubi ba ruwansu. Wanda tsawa ta buga kuma ba ya riƙe wuta a jikinsa. A wasu wurare akan ce kada a taɓa shi sai an nemo madara an yayyafa masa, kafin a samo kuwa ya tafi. A taɓa shi nan da nan. In ba ya numfashi a danna ƙirjinsa da ƙarfi a kai a kai, a hura masa iska, a nemi abin hawa zuwa asibiti. Da yawa suna farfaɗowa. Mu kuma daina cewa alhaki ne ya kama wanda abin ya sama. Tela da ke ɗinki a ƙarƙashin mangwaro ko a rumfar kasuwa, ko da keken ƙafa ne, ya tashi ya shiga ginin kirki tun cida ta farko.

Aikin wa ne?

Inda muka fi ganin hasara shi ne ɗakin ƙungiya, ba gidan mutum ɗaya ba. Dalili kuwa a fili yake. Hadari yakan zo da la'asar ko da dare, lokacin da ɗakin ke kulle, mabuɗi yana hannun ma'aji, ma'aji kuma tana gona ko ta tafi kasuwar wani gari. Kowa yana tsammani wani ya zare.

A taronku na gaba ku tsai da doka: daga Afrilu zuwa Oktoba, wadda ta tashi daga kan keke ta zare filoginsa, ko sama tana da haske. Wanda ya kulle majami'a bayan sujada ko koyon waƙa ya zare na'urar ƙara murya da wayar lasifikar waje. A rubuta sunan mutum ɗaya da gidansa ke kusa, a ba shi mabuɗi na biyu. In soket yana bayan kabad inda hannu ba ya kaiwa, a kira mai gyaran wuta ya matso da shi, gama filogin da ke da wuyar zarewa ba za a zare shi ba. Firiza ce kaɗai ba a iya barinta a zare kullum. Ita a sa mata akwatin da muka faɗa, a zare ta in hadari ya taso. In ba a buɗe murfinta ba, sanyinta zai kai har a gama ruwan.

In kuma abin ya riga ya faru, keke ya ƙi tashi ko ana jin ƙauri, kada a yi ta jonawa ana gwadawa. Kada a naɗe fis da waya ko da takardar sigari. A kwance akwatin injin kaɗai a kai wa mai gyara, ba sai an ɗauki keken duka ba, a rubuta lambar da ke jikinsa a littafin ƙungiya kafin ya bar gari. Sau da yawa ɓangaren da wuta ke fara shiga ne kawai ya ƙone, mai gyaran rediyo da ya ƙware yana iya canza shi. A tambaye shi wannan tukuna kafin a yarda a sayi sabon allo.